Farantin da Malam Maiwada Ya Zaɓa

Malam Maiwada mutumin Toranke ne, amma a tashar Ajingi aka fi saninsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan bas tsakanin Ajingi da Kano. Dogo ne siriri, ba mai son magana ba, har direbobi 'yan'uwansa sukan ce duk wanda zai shiga motar Maiwada sai ya yo guzurin hira daga gida. Ba ya gudu, ba ya cusa fasinja, kuma in lokacin salla ya yi sai ya gangara gefen titi, ko da kuwa mutane za su yi ta ƙunƙuni.

Matarsa Kubura ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa. 'Ya'yansu biyu suka rayu: Faruk, wanda aiki ya kai Fatakwal, da Afra'u, malamar firamare da ke aure a Gaya.

A shekarar da Malam Maiwada ya cika sittin da biyu ne Faruk ya biya masa kujerar Makka. An gama ɗinkuna, an fara sallama da dangi, sai aka kira maniyyata gwajin lafiya. Likitan ya daɗe da abin awo a ƙirjinsa, ya tura shi hoto, daga baya ya zaunar da shi ya gaya masa zuciyarsa ta kumbura, ba za ta ɗauki cunkoso da zafin can ba. Ya ce tuƙin haya ma ya kamata ya ajiye. Malam Maiwada ya yi godiya, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Shi ya kawo shawarar a mayar wa Kubura kujerar. Da farko ta ƙi, ta ce za ta jira shi ya warke su tafi tare. Ya ce mata wannan ciwon ba na warkewa ba ne, na lallaɓawa ne, ta je ta yi musu addu'a su biyu. Shi da kansa ya kai ta sansanin alhazai a bas ɗinsa, ita kaɗai a kujerar gaba.

Kwana biyu bayan Arfa, yana gona yana duba shuka, wayarsa ta yi ƙara. Wata mata 'yar Ajingi da suke tanti ɗaya da Kubura ce take kuka. Zazzaɓi ya kama Kubura a Mina, kafin la'asar rai ya yi halinsa, an yi mata salla a Harami an binne ta a can.

Gida ya cika da masu gaisuwa, kowa na cewa ta dace, irin wannan mutuwa roƙonta ake yi. Yana amsawa da amin, ya kuma yarda da abin da suke faɗa. Amma bai ga gawa ba, bai bi makara ba, ba shi da kabarin da zai je ya tsaya a kai. Da alhazai suka dawo aka kawo masa jakarta. A ciki akwai dabino, da turare, da farar hula da ta saya masa, ta ɗan yi masa kaɗan.

Gidan ya gagare shi zama. Da aka gama girbi Afra'u ta matsa masa ya zo Gaya ya huta. A falon mijinta akwai talabijin, akwai kuma tashar da ba ta nuna komai sai Masallacin Harami, mutane na ta kewaya Ka'aba. Malam Maiwada, wanda bai taɓa damuwa da kallo ba, ya zauna gaban tashar nan. Bayan an idar da azahar a can sai ya ji an yi shelar sallar gawa, ya ga sahu ya sake miƙewa. Ya gane haka aka yi wa Kubura. Ya tashi tsaye shi ma a tsakiyar falon, bai zauna ba sai da aka yi sallama.

Sati uku ya yi, kunyar zaman gidan suruki ta kore shi. Toranke kuma ba ta zaunuwa. Nan ne dabarar ta zo masa. Ya cire kujerun bas ɗin ban da na gaba, ya shimfiɗa katako da katifa, ya sa risho da tukunya da jarkar ruwa da ƙaramar talabijin, aka kafa masa sola a rufi da batir biyu a ƙarƙashin gado. Ya ce zai riƙa zaga dangi da tsofaffin fasinjojinsa, inda ya ga dama ya yada zango. Afra'u ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kira Faruk. Da suka ga ba zai janye ba, sai ta sa ya ɗauki alkawari zai sha magani a kan lokaci, kuma ba zai wuce ƙasar Gaya da Ajingi ba.

Abu ɗaya ya rage, yana son tashar nan ta bi shi duk inda ya je. Aka nuna masa shagon Abdulmuttalib a bakin kasuwar Gaya, magidanci mai furfura a gemu wanda ya daɗe yana haɗa wa mutane dish. Abdulmuttalib ya saurare shi, ya fita ya zaga motar, ya ce a gidaje da masallatai ya saba kafawa, bai taɓa sa wa mota ba. Ya nuna masa a waya irin motocin da Turawa ke yawon shaƙatawa da su, masu wani ƙoƙo a rufi da ke nemo tauraron ɗan'adam da kansa, ya ce amma shi bai taɓa ganin irinsa da ido ba, kuma in ya lalace a Toranke babu mai gyara shi.

Sai ya fito masa da farantin dish iri uku. Ƙaramin yana da sauƙi, da hannu ɗaya ake ɗaga shi, amma tashar da Malam yake so da rauni take isowa nan, hadari kaɗan zai ɗauke hoton. Babban, mai ƙafa shida, ɓari-ɓari yake zuwa, yana kamawa ko ana yayyafi, amma sai mutum biyu sun ɗaure shi da noti sama da talatin. Na ukun ƙafa huɗu ne, guda ɗaya, ba a kwance shi.

Malam Maiwada ya ce babban yake so.

"Baba, Afra'u ta gaya mini zancen zuciyarka," in ji Abdulmuttalib. "Wannan ba za ka iya shi kai kaɗai ba. Kuma duk inda ka tsaya sai ka sake saiti daga farko."

"Lokacin Hajji da damina yake zuwa yanzu," in ji Malam Maiwada. "Ba na son ranar Arfa ta zo ina kallon baƙin gilashi."

Kwana uku yana dawowa shagon. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya auna ƙofar bayan motar da igiya, ya gwada ɗaure ɓari biyu na babban har numfashinsa ya fara sarƙewa, ya zauna a benci ya huta. Rana ta uku ya nuna mai ƙafa huɗu.

A kan inda za a kafa shi ma sun ja. Abdulmuttalib ya ce a ƙasa za a riƙa girke shi, Malam Maiwada ya dage sai a rufi. Aka kai wa mai walda ya liƙa. A tafiyar farko, kan hanyar Balan, reshen tsamiya ya kama hannun farantin ya lanƙwasa shi. Ya juyo Gaya a ranar, ya tsaya a ƙofar shagon ya ce, "Kai ne da gaskiya." Aka miƙe hannun, aka yi wa farantin gindi da tsohon ƙarfen taya da guntun bututu, yadda zai mirgino gindin ƙasa ya ɗora farantin a kai.

Sati guda ya yi yana koyon saiti. Abdulmuttalib ya ba shi wani ɗan mita mai fito, wanda ƙararsa ke ƙaruwa in an doshi tauraron. Ya koya masa ya fara samun alƙibla, ya ɗan karkata dama, sannan ya riƙa ɗagawa a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Da farko yakan shafe awa guda yana gumi. Kafin wata biyu, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama.

Don kansa ya yi abin, bai yi da niyyar tara jama'a ba. Amma a duk ƙauyen da ya tsaya ya buɗe ƙofar baya, sai tsofaffi su matso. Ya fara juya talabijin ɗin waje, ya sayi tabarmi biyu. Wasu matasa sun roƙe shi ya sa musu ƙwallo, ya ce su yi haƙuri, motar tasha ɗaya gare ta. Labari ya kai rugagen da ke bayan Balan, wani makiyayi mai suna Kawu, wanda ya sha shiga motarsa zuwa Kano, ya zo ya roƙe shi ya kai wa mahaifiyarsa ita ma ta gani.

Dada ake kiranta, ta haura tamanin, ba ta taɓa wuce Wudil ba. Malam Maiwada ya yi wa Kawu alkawarin ranar Arfa. Ya isa tun da sassafe, motar na kakkafewa cikin yashi mai laima, ya girke farantin a fili nesa da bishiyoyi. Kafin hantsi mutum kusan arba'in sun taru, mata gefe guda da ƙoren nono. Aka fito da Dada aka zaunar da ita gaba, kusa da gilashin.

Ta daɗe tana kallon farin taron da ya rufe dutsen Arfa. Sai ta juyo ta tambaye shi ko wannan hoton bara ne.

"A'a Dada, yanzu ne. Yadda muke zaune a nan, haka suke tsaye a can."

Ta sake tambaya ko ranar da ke dukansu ita ce wannan ta kanmu. Ya ce ita ce. Sai ta gyara mayafinta, ta ɗaga hannu.

Ana tsakiyar huɗuba hadari ya taso daga gabas. Iska ta fara kaɗa farantin, hoton ya farfashe, muryar liman ta riƙa yankewa. Kawu da ƙaninsa suka durƙusa suka danne gindin, Malam Maiwada ya riƙe bakin farantin da hannu biyu, yayyafi na sauka a bayansa. Hoton ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya kamar minti biyar, babu wanda ya tashi. Ya tuna babban farantin da ya bari a shago. Can sai hadarin ya karkata kudu, dutsen ya sake bayyana, aka ji ajiyar zuciya daga wajen mata.

Bayan an watse Dada ta sa aka kira mata shi. Ta tambaye shi sau nawa ya je can, tunda ya san sunan kowane wuri. Ya ce bai taɓa zuwa ba.

"Maiɗakina ce ta je a madadina," ya ce. "Tana can, ba ta dawo ba."

Tun rasuwar bai taɓa ba wa wani labarin daga farko zuwa ƙarshe ba, sai ranar, yana tsugune gaban tsohuwar. Ta saurare shi ba ta katse shi ba. Ba ta ce masa ta dace ba. Ta tambayi sunanta da na mahaifiyarta, ta yi mata addu'a mai tsawo da Fillanci, Kawu na amsawa. Malam Maiwada bai ji ko rabi ba, amma ya yi kukan da bai yi ba a zaman makoki.

Daga nan ya ɗan sake. Afra'u ta ce ya fara tsokanar 'ya'yanta, ya ma koma kwana a Toranke jefi-jefi. Yawon dai bai daina ba. Ranar kasuwar Ajingi yakan tsaya a bayan tasha ya sha shayi tare da tsofaffin abokan aiki, sauran kwanaki yana tsakanin ƙauyuka. Motar ta kafe cikin taɓo sau biyu, shanu suka jawo ta. Ƙafafunsa suka fara kumburi, ɗaga farantin ya fara yi masa wuya, amma duk inda ya tsaya ba ya rasa mai kama masa.

Bayan damina ta biyu, wata safiyar Talata a Balan, ya sauko da gindin ƙarfen, ya ce wa mutanen wurin bari ya ɗan zauna tukuna. Ya jingina da tayar motar, aka tafi ɗebo masa ruwa. Kafin a dawo ya cika.

Mutanen Balan sun so a binne shi a wurinsu, Afra'u ta ba su haƙuri, aka kai shi Toranke kusa da iyayensa. Kwana uku mutane suna isowa a ƙafa da kan babura daga rugage da ƙauyukan da ita da Faruk ba su taɓa jin sunansu ba. Tabarmin gidan suka kasa, sai da aka aro na masallaci. Kowa ya zo sai ya faɗi ranar da motar ta tsaya a garinsu da wanda ya mutu bayan ya samu ya ga Ka'aba a talabijin ɗin. Faruk ya zauna a zaure yana sauraronsu har muryarsa ta dishe da amsa gaisuwa, a rana ta huɗu kuma ya kira wurin aikinsa ya roƙi ƙarin sati guda.