Ba Totuwa Ba Ce Ta Toshe Banɗakinmu

Jiya na ja ruwan banɗakina, sai na ji yana sauka a kasalance, yana juyawa kamar ba ya son tafiya. Na tsaya riƙe da buta, kunya ta rufe ni. Bari in gaya maka dalili.

Muna yara a Birnin Gwari, Baba ya sa aka yi banɗakin zama a ɗakin baƙi, irin mai tanki da ake ja. Mu yaran gida salga muke shiga. Shekaru suka wuce a haka, sai aka kawo ɗan baffana daga Kuyello don ya yi makaranta a wurinmu, aka sauke shi a wannan ɗaki. Ni ɗan gida ina tsugune a salga cikin warin damina, shi yana jan ruwa kamar wani ma'aikaci. Ga shi ya fi ni karatu, Baba kullum da sunansa a baki. Ko ƙarar tankin na jiyo ta katanga, sai zuciyata ta yi baƙi.

Da rani ya shigo, ruwan ya fara sauka da ƙyar, sai an bi shi da bokiti. Baba ya tara mu yana tambaya. Na buɗe baki na ce na ga ɗan'uwana yana jefa totuwar masara a ciki, wai haka suke yi a ƙauye. Wallahi ban ga komai ba. Yaron ya rantse, ya yi kuka. Baba ya ce mai ɓarna yana rantsuwa a kai ba zai zauna masa a gida ba. Ranar kasuwa aka sa shi a mota.

Bayan mako biyu mai gyaran famfo ya zo. Ya zura siririyar waya ƙarƙashin leɓen kwanon, inda ƙananan ramukan ruwa suke, sai ga wani farin abu mai tauri yana zubowa kamar ɓawon ƙwai.

"Alhaji, babu totuwa a nan," in ji shi. "Ruwan rijiyarku ne ke barin wannan, a hankali, har ya toshe ramukan."

Kaka ta leƙo, ta ce ai irinsa ne ke kama cikin butar shayinta, da ruwan tsamiya take fitar da shi. Sannan ta dube ni. Na kawar da kai. Baba ya aika a dawo da yaron, Baffa ya ce ya riga ya kama gona.

Yau yana can yana noman dawa, hanyar ma sai da addu'a ake binta. Ni na gama makarantar da aka kawo shi ya yi. Jiyan nan, bayan na jiƙa tsamiya na zuba a kwanon, na kira shi na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "Ai na sani tun ranar, ɗan'uwa. Jira nake ka faɗa."

Da safe ruwan ya sauka da ƙarfinsa. Shi banɗakin kwana ɗaya ya ishe shi. Ni kuwa sai da furfura ta fito mini.