Tsohuwar da ta Gyara Mini Labari

Jiya muna ɗaukar fim a Sabon Gari, ƙanshin suyar ƙuli-ƙuli ya tuno mini da kakata ta Indabo.

Ita na fara karanta wa labarin da na rubuta, lokacin Baba ya dage ba zan yi harkar fim ba. Tana matsar tunkuza, hannunta duk mai, ta katse ni a daidai maganar wata tsohuwa da ke cikin labarin: "Maigidan, wace tsohuwa ce ke magana haka? Sake!" Sai da na sake sau uku kafin ta yi dariya.

Bayan la'asar ta kira Baba. "Zauna ka ji aikin ɗanka." Ya saurara har ƙarshe, bai ƙara hana ni ba.

Ba ta kai ga ganin fim ɗin da aka yi da labarin ba. Allah ya kai haske kabarinki, Kaka.