Saura-Ƙiris da Kwamfutar Makaranta

Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, don haka ba wanda zai ce ina faɗin abin da ban sani ba. Duk layinmu da Saura-Ƙiris aka san shi. Ya samo sunan ne tun yana saurayi, ranar da ya kwance rediyon Baba, lafiyayyen rediyo, wai yana jin wata ƙara a ciki da ba wanda ya ji sai shi. Duk sanda Baba ya tambaya sai ya ce, "Saura ƙiris, Baba." Har Baba ya bar duniya rediyon nan yana cikin kwano, gunduwa-gunduwa.

Da ya girma ya kama wani lungu a ƙarƙashin matakalar wani bene, ya rubuta INJINIYA da fenti a jikin katako, ya rataye. Mutane suka riƙa kawo fanka, dutsen guga, agogon bango. Abu in ya shiga lungun nan, to a yi masa addu'a. Ba wai bai iya ba ne, ya iya, wannan ne ma abin haushin. Daɗinsa dai ya buɗe abu ya gano ciwonsa, ya yi wa mai shi dogon bayani yana kaɗa sukudireba. Daga nan kuma shi ya gama. Mayar da noti aikin ƙananan mutane ne.

Gidan kuwa matarsa ke riƙe da shi. Tela ce, mai haƙuri har ya yi yawa. Ɗaki biyu gare su da ɗan falo, a falon take ɗinki, da kekenta da teburin yanka da wani ƙaramin rediyo da ke ɗebe mata kewa. Ita ke ciyarwa, ita ke kai yara makaranta, shi kuma ya dawo da yamma ya ce miya ta yi gishiri.

Wata rana makarantar da ke ƙarshen titi ta canza hannu, sababbin masu ita suka sa a kwashe tarkacen sito a zubar. Cikin karyayyun benci mai gadi ya tsinci wata tsohuwar kwamfuta, ya miƙa wa ƙanina don ya huta da ɗauka. Ina gidan lokacin da ya shigo da ita a rungume, yana haki. Tunda matarsa ta haihu ban taɓa ganin ya ɗauki jariri da irin wannan tattali ba.

Akwati ɗaya ce dunƙulalliya, gilashin da kayan cikin duk a haɗe, da ƙusumbi a baya da mariƙi a sama. Ƙasan gilashin akwai wata siririyar tsaga ta saka faifai, kamar bakin mai fushi. Robar jikinta ta dafe ta koma kalar haƙoran mashayin taba. Allon rubutunta kuwa da ya girgiza shi, ƙwan kyankyaso ne ya zubo. Ya ture atamfar mutane gefe ya ɗora ta a kan teburin yanka.

"Baban Auta, a ina zan yi yanka?" in ji matar.

"Ki yanka a ƙasa. Wannan ba abin ajiyewa a ƙasa ba ne. Kin san mece ce wannan kuwa?"

"Shara," na ce.

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. "Yaya, ba fanninki ba ne."

Daga ranar ya daina zuwa shago. Matar ta koma yanka a durƙushe a kan tabarma, shi kuma ya baje kayan ciki a teburinta. Batirin da ke ciki ya fashe tun tuni, ya zubar da wani farin gari ya ci wayoyi. Ya ɗauki burushin haƙorin Auta, 'yarsu ƙarama, ya riƙa tsoma shi cikin sifirit yana goge allon wayoyin da ke cikinta layi-layi, harshe a waje. Ya wanke maɓallan rubutu ɗaya bayan ɗaya a robar wanke-wanke, ya shanya su a kan faranti, aka rasa abin zuba abinci. Gidan ya ɗauki warin dalma, har kayan masu ɗinki suka riƙa komawa da shi.

Rannan ya kai hannu bayan gilashin, inda wuta ke maƙalewa ko da an zare waya. Abin ya ɗauke shi ya maka da bango. Muka ruga da salati. Ya tashi gashin hannu a ƙone, ido ya yi ja, ya ce, "Na sani ai. Gwadawa na yi."

Sai kuma ya rasa kayan canji. Irin waɗannan ba a sayar da su a kasuwa yanzu. To akwai wani maƙwabcinsu direban babbar mota, wanda ya kai masa talabijin gyara kafin ya yi doguwar tafiya, abin da ya sami talabijin ɗin ma bai wuce maɓallin kunnawa ba. Ƙanina ya je shago ya farke talabijin ɗin bawan Allah, ya ciro abin da yake so. Sifikar kwamfutar ta ruɓe, sai ya jira matarsa ta fita kai ɗinki ya cire ta rediyonta. Da ta dawo ta murɗa ta ji shiru, ya ce mata ai dama rediyon ya tsufa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ya gama. A duk rayuwarsa wannan ne abu ɗaya da ya mayar wa noti. Da hantsi ne, na kawo ɗinki, ya ce kowa ya tsaya. Ya danna wani maɓalli a baya. Shiru. Ya ɗan mari gefenta da tafin hannu, wai abin da ke juyawa a ciki ne ya maƙale don daɗewa. Sai muka ji ƙiiii, sannan wani sauti mai daɗi kamar an kaɗa ƙararrawa, gilashin ya yi haske toka-toka. Na dubi fuskarsa na ga yaron da na goya, har na ji tausayinsa ya kama ni. Bai bar ni na daɗe a haka ba. Ya juyo ya ce, "A garin nan kaf, waye zai iya? Ku faɗa mini, waye?"

Muka ja kujeru muka zauna kallo. Ba launi a cikinta, fari da baƙi ne kawai, amma akwai abubuwa. Akwai wasan karta, akwai wani na koyon rubutu inda haruffa ke faɗowa daga sama kana harbo su. Sannan ya buɗe wani wuri sai ga zane-zane na yaran makarantar, waɗanda yanzu na tabbata sun yi gemu, wasu sun aurar da 'ya'ya. Gida mai hayaƙi. Kyanwa mai ƙafa shida. Wata malama da aka yi wa kai kamar tulu da bulala ta fi ta tsawo. Mota da mutane sun leƙo ta kowace taga. Matar ta yi dariya har da hawaye, rabon da na ji dariyarta na manta. Auta kuwa ta manne da teburin ta ƙi motsi.

Yarinyar nan ba ta da surutu, a makaranta ma cewa suke ba ta magana. Amma duk sanda uban ya fita yawon cika baki, sai ta hau kujera ta kama linzamin kwamfutar. Ta koya wa kanta. Ta zana uwarta a kan keken ɗinki, har da zaren da ke saukowa da tsinin almakashi. Ta daɗe tana yinsa, kullum ta ƙara wani abu, ta ajiye shi kusa da na waɗancan yaran. Duk mai kawo ɗinki sai uwar ta ce, "Auta, nuna musu."

Shi kuwa abin da ya gano daban ne. Ashe in ka rubuta magana, kwamfutar tana karantawa da murya. Murya ce ta ƙarfe, kamar mai mura yana magana cikin bokiti, kuma ba ta iya harshenmu ba, tana tauna kalmomi. Abin nema ya samu. Mutumin nan ya daina yi wa matarsa magana da bakinsa. Yana zaune taku biyu da ita, sai ya ƙwanƙwasa, akwatin ya ce, "Ka-wo ru-wa." Ya tara 'yan zaman banza na layi a falon mace, suna shan shayinta, yana sa akwatin yana cewa, "A-bin-ci ya yi la-tti," su kuma suna faɗuwa da dariya. Da sifikar rediyonta fa.

Na same shi na ce, "Kai ko kunya ba ka ji?"

"Yaya, ci gaba ne. Ku ba ku son ci gaba."

Ana haka direba ya dawo daga tafiya. Ya je shago ya tarar an garƙame shi da kwaɗo, ya leƙa ta ramin ƙofa ya hango talabijin ɗinsa a buɗe kamar an yi wa akuya fiɗa. Ya zo gidan ko sallama bai gama ba. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi.

"Ina kayan cikin talabijin ɗina?"

"Maigida, zauna mana. Ka ga, matsalar talabijin ɗinka ta fi yadda kake zato..."

"Maɓalli na kawo ka gyara!"

Ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga shi sai da yatsun ƙafarsa suka bar ƙasa. 'Yan shan shayi suka zame ɗaya-ɗaya. Injiniya guda ya riƙa kiran matarsa, da bakinsa wannan karon, ba da akwati ba. Ita ta fito ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta ce a bar mata, za ta san yadda ta yi. Direban ya dube ta ya sake shi, ya ce, "Don ke, wallahi. Don ke kawai." Ita ta ɗauki nauyin gyaran a wani shagon. Bayan ya tafi ƙanina ya gyara wuyan riga ya ce Allah ne ya taimaki mutumin nan da bai fusata ba.

Borin kunya ya sa ya ce zai buɗe kamfani. Ba gyaran fanka kuma, gyaran kwamfuta zalla. Yana buƙatar wuri a cikin akwatin don ya tsara takardar kamfani mai ɗauke da sunansa da manyan haruffa, ga shi cikin kwamfutar ɗan mitsitsi ne, ta ce ta cika. Sai ya bi zane-zanen nan ya share su tas. Kyanwa, malama, mota, da na Auta. Kartarsa kam bai taɓa ta ba.

Yarinyar ta dawo daga makaranta ta hau kujera ta duba, ta sake dubawa. Ta sauko ta tsaya a gabansa.

"Baba, ina Mama?"

"Ga ta can tana ɗinki, makauniya ce ke?"

"Ta ciki."

"Au, wannan shirmen? Na share. Kayan aiki ne wannan, ba abin wasan yara ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta je bayan keken ɗinki ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Uwar ta tsayar da keke. Ta ce mini daga baya ta jure yanka a ƙasa, ta jure rediyo, ta jure a aike ta da muryar ƙarfe a gaban ƙattin banza, amma da ta ga yarinyar nan a takure sai ta ji wani abu ya tsinke mata, kuma ba ta ji zafi ba, sauƙi ma ta ji.

Ba ta yi faɗa ba. Ta nemi shago mai ɗaki a baya kusa da kasuwa, ta kira mai kurar ɗaukar kaya. Ni na taya ta ɗaure kaya. Da aka zo kan teburin yanka, ta ce, "Baban Auta, ɗaga kayanka." Ya tsaya yana zare ido, yana jiran ta ce wasa take. Direba ne ya shigo taya mu lodi, ya ɗauki kwamfutar ta mariƙinta da hannu ɗaya ya dire ta a ƙasa, ya sa teburin a ka. Ƙanina ya bi su har bakin titi yana cewa a yi hankali, a yi tunani, me mutane za su ce. Da kurar ta sha kwana ya dawo da gudu ya duba ko an fasa masa gilashi.

Kamfani bai buɗu ba. Takardar tana nan a ciki, ba shi da injin da zai fitar da ita a kan takarda ta gaske. Shagon ƙarƙashin bene mai gidan ya karɓe abinsa, ya zuba gawarwakin fankokin mutane a waje kowa ya zo ya tsinci tasa. Matar kuwa ɗinki ya karɓe ta, har ta ɗauki masu taya ta. Yara suna wurinta. Bai sake ta ba, ba ta nema ba, ta ce ba ta da lokacin zaman shari'a.

Ni ke kai masa abinci wani lokaci, don jini ba ya ƙarya, kuma Inna kafin ta rasu ta ce in riƙe shi. Zuwana na ƙarshe na same shi a tsakar falo a kan tabarma, kwamfutar a kan kwali, yana buga karta. In wasa ya juya masa baya sai ya kashe ta ya sake kunnawa, don kada a ce an ci shi. Ko juyowa bai yi ba.

"Yaya, dama ina nemanki. Ki je ki yi wa matar nan magana ta dawo. Na yafe mata."

"Ka yafe mata?"

"Eh. Akwai wasu manyan mutane da za su zo ganin kwamfutar nan, sun ji labarina. Ba zai yiwu su tarar da gida haka ba, ga rigunana duk ba guga."

Na ajiye kwanon. Na ce masa ƙafarsa ƙalau take, ya san hanyar kasuwa, in yana da magana ya je ya faɗa da bakin da Allah ya ba shi. Ya ce shi ba zai je ya tsaya a gaban shagon tela mutane suna kallo ba. Ya buɗe kwanon ya leƙa, ya tambaya ko ba nama, sannan ya jawo shi kusa ya ci gaba da raba kartarsa.