Mai Tsince Ƙaya a Bakin Raga

Jiya, kafin a take wasan ƙarshe tsakanin yaranmu na Gumel da na Maigatari, na ga ɗana Sadiƙu, golanmu, ya durƙusa a bakin raga yana tsince ƙayar tsidau. Nan take marigayi Baba, tsohon da ya koya masa gola, ya faɗo mini a rai.

An ce a zamaninsa babu golan da ya kama ƙafarsa a ƙasar nan. Ni dai da tsufansa na san shi, yatsunsa duk sun karkace saboda tare ƙwallo, kullum yana ƙamshin man zafi. Kafin yara su fara wasa sai ya bi bakin raga da 'yar ƙwarya yana tsince ƙaya.

Wata rana na je filin a fusace zan janye Sadiƙu. Na ce, "Baba, shi kaɗai gare ni. In ya karye fa?"

Ya nuna mini ƙwaryar yana dariya. "'Yata, faɗuwa kam zai faɗi. Nawa aikin shi ne ya faɗi a kan yashi mai laushi. Ki bar mini shi."

Na bar shi, amma hankalina bai taɓa kwanciya ba.

Jiya da aka ba 'yan Maigatari fanareti, na rufe fuska da gyale. Ihun jama'a ne ya sa na leƙo: ga Sadiƙu kwance a yashi, ƙwallo a ƙirjinsa, ko ƙwarzane babu. Da kofi muka dawo gida, ni ce kan gaba wajen guɗa.

Baba, Allah ya jiƙanka, ya tausasa maka makwanci yadda ka tausasa wa 'ya'yanmu ƙasa.