Juma'a ta Uku a Mahaɗar Tifofi

A shekarun da aka koma mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka waiga a Abuja gini ake yi, muna zaune a Mpape, a wani gida mai ɗaki biyu a gefen tudu. Daga bayan gidan, inda nake shanya, ana hango mahaɗar da tifofi ke saukowa da tsakuwa daga wurin fasa dutse, da masallacin Juma'a a bakinta.

Maigidana yana da shagon kayan gini. Shi da kansa ya je ya ba da sunansa a 'yan sandan sa-kai, mutanen da kowa ke da sana'arsa, amma kwana biyu a mako su sa kaki su taimaka. Ba su da bindiga, sai kulki da usur. 'Yan sandan ainihi suna kiransu 'yan sandan aro, shi kuwa in ya dawo sai ya ba ni labari yana dariya. Yana son kakin nan. Ni nake wanke shi, in goge da dutsen guga na gawayi don wuta ba ta zama, shi kuma ya tsaya a kaina yana nuna mini inda karin wando ya karkace.

Maƙwabcinmu, wanda muke kira Baban Tagwaye, mai walda ne, Kirista, mutumin Filato, shi ma yana cikinsu. Tsohon sufeton da ke kula da su ya bar su su daidaita tsakaninsu. Ran Juma'a, da yake sahu yakan cika masallaci ya malalo har kan kwalta, Baban Tagwaye ne ke tsayawa ya tare tifofi har a sallame. Ran Lahadi maigida ya tsaya a ƙofar cocinsu. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda.

Sai aka yi wa sufeton canjin wurin aiki, aka kawo wani matashi daga kudu, mai son tsari. Ya tarar wasu suna musanyar aiki da baki, ranar ta zo a nemi kowa a rasa. Ya buga jadawali da keken rubutu ya manna a bango, ya ce ba musanya sai da sa hannunsa. A jadawalin ya tura Musulmi masallaci, Kirista coci, wai kowa ya kasance kusa da wurin ibadarsa, cikin mutanen da za su ji maganarsa. Har ga Allah alheri ya nufa.

Juma'ar farko ina bayan gida ina kallo. Aka tayar da salla, dubban mutane suka fuskanci gabas, maigida shi kaɗai ya juya musu baya, hannunsa a sama, tifa bakwai a gabansa. Da ya dawo ya yi Azahar a tsakar gida, bai taɓa abinci ba. Ya je ya tambayi liman, liman ya ce mai tsaron rayukan masallata yana da uzuri. Ya gode, amma zuciyarsa ba ta karɓa ba. Tun yana yaro a Zariya yake jin yadda malamai ke tsoratarwa a kan barin Juma'a uku a jere, kuma bai taɓa barin ko ɗaya ba sai da kakin nan.

Bayan Juma'a ta biyu ya ce mini in ta uku ta wuce shi, zai naɗe kakin ya mayar musu.

Na ce abin bai kai haka ba, magana ce kawai za a yi wa sufeto. Da yake na yi sakandare, na ciro takarda daga tsakiyar littafi na rubuta wasiƙa da Turanci, na kwafe ta sau biyu don rubutun ya yi kyau. Ya linke ya sa a aljihun rigar kakin. Kullum in na tambaya sai ya ce Oga ba ya nan.

Ran Alhamis da safe ina cuɗa rigar a baho na ji wani abu ya dunƙule a aljihu. Wasiƙata ce, ta zama kamar tuwo, tawadar ta bi ruwa. Na kai masa a tafin hannuna. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce sau biyu yana isa ƙofar ofishin yana juyowa.

"Ke kin san yadda suke kallonmu. Mai sayar da ƙusa ne zai shiga ya gyara wa sufeto takardarsa?"

Na ga mutumin da ke tsayawa gaban tifa ba ya ko gezau, ga shi ƙofar katako ta gagare shi, sai tausayi ya hana ni faɗa.

Da yamma muna tsaye da Maman Tagwaye muna jiran mai ruwa, ta ga idona ta tambaya, na gaya mata. Ta tafa hannu ta ce ai nata mijin ma Lahadi biyu ke nan yana jin waƙar coci daga bakin titi, shi da yake kaɗa musu ganga.

"Madam, mijin naka kunya ya yi masa yawa," in ji ta, da irin Hausarta. "Nawa kuma baki ya yi masa yawa. Bari in faɗa masa."

Ran Juma'a maigida ya yi wanka, ya yi alwala, ya shafa turare kamar mai zuwa salla, sannan ya sa kakin. Na fita bayan gida da 'yan tsummokaran da ba sa ma bukatar shanya. Liman yana cikin huɗuba ta biyu, sahu ya cika titi, na hango wani yana gangarowa ta 'yar hanyar ƙafa da sauri, cikin kaki, gilashin walda har yanzu a goshinsa. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga maigida yana girgiza kai yana nuna wajen ofis, Baban Tagwaye kuma ya miƙa hannu ya zare usur ɗin daga wuyansa, ya tura shi da kafaɗa.

Maigida ya tsuguna yana kwance igiyar takalmi, ana tayar da iƙama. Ya samu ƙarshen sahun baya, ba darduma, wani ya ja masa gefen kwalinsa. Da aka yi kabbara wani direba ya danna oda, Baban Tagwaye ya je ya dafa gaban motar da tafin hannu, bai ɗauke ba har aka sallame. Ni kuwa na zauna a kan dutse ina hamdala, hawaye na zuba a kan tsummokaran.

Kafin Asabar labari ya kai wa sufeto. Ya kira su, ya tambaya wa ya sa hannu. Maigida ya ce shi ya sunkuyar da kai, Baban Tagwaye ne ya buɗe baki.

"Oga, wanda ya tsaya a titi ba ya salla. Yana kusa da masallaci, amma a waje yake. Ni ma haka ran Lahadi."

Sufeto ya tashi ya je ya tsaya gaban jadawalinsa. Can ya juyo ya tambayi maigida me ya hana shi faɗa tun makon farko. Maigida ya ce akwai wasiƙa, iyali ce ta wanke ta da sabulu. Haka kawai aka ɗora mini, ina gida ban sani ba.

Bai yafe musu barin wurin aiki ba. Ya sa su noma ciyawar bayan ofis, su biyu, rana tsaka, 'yan sandan ainihi suna wucewa suna yi musu sannu da aiki. Ya kuma ce a sake kawo wasiƙar, don shi ba ya canza abu sai da takarda. Na sake rubutawa, wannan karon na ba Maman Tagwaye ta ba mijinta.

Mako na gaba aka manna sabon jadawali. Ran Lahadi da hantsi maigida ya sa kakinsa ya nufi ƙofar coci. Da ya dawo ya ce ashe maƙwabcin namu ya iya ganga, har titi ana jin hannunsa. Na karɓi rigar, na zazzage aljihunta biyu kafin in jiƙa ta.