Buhun da Na Juya

Mako guda na yi a daminar nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In na shimfiɗa tabarma a rumfata ta kasuwar hatsi ta Gidan Rumji, kafin in ɗinke buhu biyu na miƙe. In zaga wajen masu wake, in leƙa tasha, in tsaya bakin titi ina kallon motocin da ba ruwana da su, in dawo in tarar da mai kaya yana jirana yana tsaki. A gida ma haka. Matata ta ce na zama kaza mai neman wurin yin ƙwai, in ma ƙwan ne in yi shi kowa ya huta.

Ɗinkin buhu ne sana'ata, gadonta na yi. Na yi lakol, wato makarantar boko, ina karanta Faransanci daidai gwargwado, amma basilla ce ta ciyar da ni. Mahaifinmu bahago ne, kuma yadda hannunsa ke tafiya haka ya koya mana, ni da yayana. Yana fara ɗinki daga gefen da kowa ke ƙarewa, in ya kai ƙarshe ya naɗe kunnen buhun sau biyu, ya ƙulle, ya cusa bakin zaren ciki. Duk kasuwannin yankinmu babu mai irin wannan ƙulli sai gidanmu. Kuma tsohon ba ya yar da buhu. Yakan ce in fuska ɗaya ta gaji, a juya ɗayar. Ya taɓa marina saboda na jefar da wani mai huji ɗaya, har yau in na ga buhu a bola sai na ji kuncina.

Yayana ya ajiye basilla tun muna samari. Ya koma Cadakori yana noma, siyasa kuma ta shiga jininsa. A lokacin da nake magana jam'iyyu na da baki a ƙasar nan, ana shirin zaɓen shugaban ƙasa, kuma jam'iyyarsu za ta yi babban taro a Yamai don ta tsayar da mutum ɗaya. Mutum biyu ke nema. Yayana na cikin wakilan da za su je su zaɓa, kuma kowa ya san wanda yake so: wani babba da ya daɗe yana riƙe da babban buro, wato ofishin gwamnati, wanda hotonsa ke manne a tankin babur ɗin yayana har rana ta cinye masa rabin fuska.

Kafin azumin shekarar wani dillali ya kwashe mu, maɗinka shida, zuwa wata mangaza, babban ɗakin ajiyar kaya, a bayan garin Agiye. Hatsi ne jibge har rufi, buhunan sababbi fil, kowanne da rubutu a jikinsa. Sauran ba su yi lakol ba. Ni na karanta: agaji ne, na rabawa kyauta ga garuruwan da damina ta yi wa gardama. Aikinmu mu zazzage shi cikin fararen buhuna marasa rubutu, mu ɗinke, masu rubutun kuma a ƙone su a bayan mangaza. Ba zan yi wa kaina ado ba. Na karanta, na gane, na ja bakina na yi shiru, na zura zare.

Abin da ya dame ni a kwanakin nan, Allah ya yafe mini, ƙona buhunan ne. Sabon buhu, ko ƙura bai sha ba, a cinna masa wuta! Rana ta uku fararen suka ƙare, ga manyan motoci na jira, dillali na ta kai da kawo yana zagin wanda bai kawo ƙari ba. Sai na ji bakina yana cewa ai ba sai an jira ba, a juya masu rubutun, rubutu ya koma ciki. Dillalin ya dafa kafaɗata ya ce ɗan gado ya fi ɗan koyo. Na ji daɗin maganar, har na fi kowa sauri a ranar.

Da azumi ya kama aka raba hatsin a matsayin kyautar ɗan takarar da yayana ke so ga magoya bayansa. Yayana ne ya raba na Cadakori, ya aiko mini da tiya biyar. Da shi aka dama mana kunun buɗa baki.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Saura mako biyu a yi babban taro, wata malamar lakol a Gazawa ta ƙarar da nata hatsin, ta juya buhun don ta kakkaɓe shi, sai ga rubutu. Ta ɗauki hoto da salula. Kafin azahar hoton ya zaga ƙasa. Mai wake na kusa da ni ya miƙo mini salularsa ya ce in karanta musu. Ban kai ga rubutun ba. A gefen hoton, inda matar ba ta farke ba, ga kunnen buhu naɗe sau biyu, ga ƙullin mahaifina.

Daga ranar kasuwa ta koma majalisa. Rediyo na faɗa, masu shayi na ƙarawa. Waɗanda jiya suke rantsuwa da sunan ɗan takarar suka fara cewa su dama can suna da shakka. Na ga wani wakili yana kankare hoto daga babur ɗinsa da makulli, da ya hango ni ya yi kamar taɓo yake gogewa. Ɓangaren abokin hamayyarsa ba su ce komai da ƙarfi ba, sun bar buhu ya yi musu magana. Dattawan jam'iyya suka ce ba za su kai wa ƙasa mutumin da ke da wannan tabo ba sai in wakilai sun sake tsaya masa, don haka kowace gunduma ta zauna ta rubuto ko tana nan a bayansa. Yankinmu ne ƙarfinsa. In mu muka zame, sauran ba za su riƙe shi ba.

Mutanensa suka fito da tasu maganar: hatsin da kuɗinsa aka saye shi a kasuwar Gidan Rumji, buhun hoton kuma maƙiya ne suka ƙirƙira. Sai dai magana na son mai shaida, wanda jama'a ba su taɓa kamawa da ƙarya ba. Ranar Talata na ji a bakin mai nama cewa an samu. Ranar Asabar, a taron gunduma, yayana zai dafa Alƙur'ani ya ce a gabansa aka auna hatsin aka saya.

A wurinmu dafa Alƙur'ani ba wasa ba ne. Mahaifinmu ko a kan gaskiyarsa bai yarda ya dafa ba, ya gwammace ya bar wa mutum akuya. Ga ɗansa na fari zai ɗora hannu a kan abin da ni na san ƙarya ne, don ni na ɗinke ƙaryar da hannuna. Na yi fushi da shi ƙwarai. Na ce siyasa ta cinye masa hankali, an mayar da shi jakin da ake ɗora wa kaya bai san mene ne a ciki ba. Amma in je in faɗa masa, ya zama na tona kaina. Laraba na je tasha na dawo. Alhamis na hau kabu-kabu, muka fita gari, na ce wa mai babur na manta abu, ya mayar da ni. Na soke yatsana da basilla sau biyu a yini ɗaya, abin da rabona da shi tun ina koyo. Matata ta ɗaure mini yatsan, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce dai duk inda ƙafar nan ke son zuwa in bar ta ta je.

Juma'a da hantsi na isa Cadakori. Na same shi a gona yana maimai, shi kaɗai, hatsi ya kai gwiwa. Tun a hanya na shirya maganganu masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, sannu da aiki."

Ya dogara da hauya ya dube ni. "Kai, lahiya? Wa ka bar ma rumhwa?"

"Lahiya lau. Magana gare ni." Sai duk abin da na jera ya watse. Na ce, "Buhun da ke cikin hoton nan, ni na ɗunke shi. Agaji ne, na karanta da idona. Ni na ce a juya."

Na jira ya zabura, ko ya ɗaga hauyar. Ya share zufa da hularsa kawai.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Tun randa anka turo min hoton. Ƙullin Baba ne. Mu biyu munka rage duniya masu yin shi, ni ko na hi shekara ashirin ban riƙa basilla ba."

"To mi za ya kai ka ga dahwa Alƙur'ani?"

Ya dubi gefen gona kafin ya amsa. "In na rantse, magana ta mutu, shi ya samu takara tai, ba mai sake bin sawun buhu. In ban rantse ba, jandarma za su bi shi har mangaza, daga mangaza har rumhwarka. Shi yana da lauyoyi. Kai mi gare ka? Basilla da ɗiya biyar."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Kwana uku ina zaginsa a zuci, ashe wutar da na kunna ce yake shirin rufewa da tafin hannunsa. Na ce ba zan yarda ba. Ya ce ba shawarata ya nema ba, shi ne babba, Baba ya bar masa ni, in koma in buɗe rumfa kada mutane su fara tambaya. Ya juya ya ci gaba da nomansa. Na tsaya ina kallon bayansa, rigar ta jiƙe ta manne, sannan na kama hanya da ƙafa har na yi nisa kafin in tuna akwai abin hawa.

Asabar bayan azahar aka taru a wani babban gida a Gidan Rumji, an kafa rumfa, an jera kujerun roba. Wakilai a gaba, ƴan kasuwa da ƴan kallo a baya. Ni ba ɗan jam'iyya ba ne, amma wa zai hana mai ɗinkin buhu tsayawa a bakin ƙofa? Na zo da buhu fanko a hammata, basilla da zare a aljihu, ban ma san na yanke shawara ba. Aka yi jawabai, aka la'anci maƙiya. Wani malami ya fito da Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle ya ɗora a tebur. Yayana ya koma gefe da buta ya yi alwala, a hankali, yana wanke kowace gaɓa kamar ba ya son ta ƙare. Ya zo ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ɗaga hannun dama.

Ban san yadda na ratsa kujerun ba. Na ce a dakata. Ba ni da bakin jawabi, don haka na durƙusa a gaban tebur, na shimfiɗa buhuna, na ɗinke bakinsa daga hagu, na naɗe kunne sau biyu, na ƙulle, na cusa zaren. Ƙullin ya fita. Na miƙa wa wani tsohon dillalin hatsi da ya san mahaifinmu, na ce ya haɗa da hoton da ke cikin salularsa. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce, "Ɗunkin bahago." Sai na faɗi sauran: mangazar, rubutun, wutar, da wanda ya ce a juya.

Wurin ya kaure. Wani ya jefe ni da takalmi, wani ya ce sayena aka yi. Malamin ya naɗe Alƙur'aninsa ya rungume ya fita ta ƙofar baya. Yayana na tsaye inda yake, hannunsa ya sauka, bai dube ni ba.

Gundumarmu ba ta rubuta takardar ba. Da labari ya kai Agiye da Gazawa su ma suka ɗage nasu zaman, ba su sake zama ba. Kwana uku kafin babban taro mutumin ya fito a rediyo ya ce ya janye saboda haɗin kan jam'iyya. Ban ji an taɓa ko hularsa ba. Yayana kuwa aka cire shi daga wakilai, waɗanda ya yi wa wahala shekara da shekaru suka daina amsa sallamarsa, suna cewa da ƙanensa suka haɗa baki. Ni jandarma suka ɗauke ni zuwa Maraɗi. Kwana biyu ina amsa tambaya ɗaya ta fuska goma, na faɗi abin da na sani, suka sa na dangwala hannu suka sake ni.

Da na fito na sami yayana a bakin ƙofa a kan babur. Hoton ya bar tankin, sai shacin gam. Bai ce sannu ba, ya nuna mini baya da haɓa, na hau. Muka bar Maraɗi. Ina ta juya abin da zan ce, in ba shi haƙuri ne ko in jira faɗa, don na rushe masa abin da ya gina, na kuma ƙi jin maganarsa a gaban jama'a. Sai da muka wuce Tibiri ya rage gudu, ya ɗan waiwayo don iska kada ta kwashe maganar.

"Alwallar nan da na yi don rantsuwa," ya ce, "da ita na yi la'asar."

Na riƙe rigarsa da hannu biyu, na kifa goshina a bayansa, na bar shi ya ja mu gida.