Ranar da Kaka ya ci abinci a bakin hanya

Ko yau, idan na ji ludayi yana kankarar gindin tukunyar ƙarfe, sai in ga kaina a bakin garin Filinge, ina ƴar shekara takwas, riƙe da gefen rigar kakana.

Ƙauyenmu na cikin ƙasar Kurfai, tafiyar hantsi ce a amalanken jaki. A can dattijo ba ya ci a idon jama'a. Kaka, mahaifin babana, ko fura zai sha sai ya shige zaure ya juya baya. Sai ga ɗiyarsa ta fari, gwaggona, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta ƙi komowa gida. Ta kafa rumfar abinci a bayan gari, inda motocin Yamai ke tsayawa. Damina uku Kaka bai ambace ta ba. Mutanen ƙauye kuwa sun ambace ta, har a ƙofar masallaci.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama zuba gero a rumbu, ya ɗaura wa jaki amalanke ya ce da ni, "Taso, matata, mu tahi mu ɗauko gwaggonki." Haka yake kirana, wasan kaka da jika. Kakata ta ce daga bayan danga, "Malam, a bi ta a hankali." Kowa a gidan ya san abin da zai je yi: zai sa ta rushe rumfar, ta kwaso yaranta.

Ban san yadda zan kwatanta maka wurin nan ba, kai da ka taso cikin fitilu. Rumfuna ne jere hagu da dama, na zana da na kwano. Mai shayi yana ɗaga kofi sama da kansa, ruwan ya sauko kamar igiya, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Hayaƙin mai balangu ya kwanta bisa hanya. Can gefe inji yana ruri a bayan wani ɗaki da aka rufe da buhuna, gidan kallo ke nan. Na leƙa ta wata huda, na ga tele, ƙananan mutane suna guje-guje bisa ciyawar da ta fi duk daminar da na sani kore. Wani ya buɗe farin akwati, sanyi ya fito kamar hayaƙi, a tsakiyar rana. Daga baya aka ce mini sunansa firigo.

Kaka bai tsallaka hanya ba. Ya ɗaure jaki gindin wata aduwa, muka tsaya muna hangen rumfar gwaggo.

Ni na san ta mace ce mai shiru, wadda ba a jin takunta a tsakar gida. Wadda na hango ranar tana tsaye tsakanin manyan tukwane uku, shinkafa da wake, tuwo, miya, ga dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, cikin faranti. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, da mushen lakwal, wato malamin makaranta, har da wani jandarma, duk suna wanke hannu suna jiran layi, suna kiranta Inna. Mutum biyu suka fara cacar baki kan wurin zama. Ba ta ɗago kai ba, sai ta buga ludayi a bakin tukunya sau ɗaya. Suka yi tsit.

Wajen azahar wata mota daga hanyar Abala ta sauke mata da yara. Ba su jin Hausa, kayansu ƙunshi ɗaya-ɗaya. Suka raɓe jikin wata katanga, yaran suna kallon tukwane, iyayen suna kallon ƙasa. Gwaggo ta bar mazan da ke jira, ta cika babban faranti, ta ɗauka da kanta ta ajiye a gabansu, ta komo ba ta ko waiwaya ba. Mazan suka ci gaba da jiran layinsu.

A lokacin ne Kaka ya kama hannuna muka tsallaka.

Da ta gan shi, ludayin ya suɓuce mata. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannunku da zuwa. Ku shigo daga ciki, akwai ɗaki."

"A'a," ya ce. "Nan za ni zamna. Zuba mani irin wanda kinka kai ma matan can."

Ya zauna bisa benci tsakanin direba da mushen lakwal, fuskarsa na duban hanya, daidai lokacin da amalanken ƴan ƙauyenmu suka fara komawa gida. Ya ci a natse, loma bayan loma. Wani maƙwabcinmu ya ja linzamin jakinsa ya saki baki. Kaka ya ɗaga masa hannu.

"Bismilla. Ɗiyata tad dahwa."

Gwaggo ta juya wajen murhu tana share ido da bakin kallabi. Ni kuwa aka miƙo mini bisap, wato zoɓo, daskararre cikin leda, haƙorana suka yi zafi don sanyi, ban yarda na tofar ba.

Mu biyu muka koma. Kakata ta tare mu a ƙofa tana leƙen bayan amalanke.

"Ina take?"

"Tana wurin aikinta," ya ce, ya shiga kwance jaki.

Yanzu gari ya cim ma wurin, ya wuce shi. Rumfunan zana sun zama shaguna na siminti da hasken sola, samari na kallon ƙwallo a wayoyinsu ba sai sun leƙa huda ba, kuma ba wanda ke mamakin ganin dattijo da faranti a gabansa. Kaka ya daɗe da rasuwa. Gwaggo ba ta gani sosai, ƙaramar ɗiyarta ke riƙe da tukwane, ita dai a kawo mata miya ta ɗanɗana ta ce a ƙara gishiri. Bara na zauna kusa da ita na tambaye ta ko ya taɓa gaya mata abin da ya sauya masa zuciya.

"Ban tambaye shi ba," ta ce. "Amma daga ranar, duk kasuwa sai ya zo, har ƙafa ta gaza shi."